Makaranta, Situdiyo ko Koyon Kai: Wace Hanya Ce Ke Kai Matashi Kujerar Daraktan Fim ɗin Zane?

A ƙarshen daminar bara ɗan yayata ya same ni a gida, a Aboabo nan Kumasi, riƙe da wani tsohon littafin lissafi da ya cika kusurwar kowane shafinsa da zanen wani mai tura kaya a kasuwar Kejetia. Ya danne gefen littafin da babban yatsa, ya saki shafukan suna kifewa ɗaya bayan ɗaya, sai ga mutumin nan yana tafiya, ya yi tuntuɓe, hularsa ta faɗi, ya waiwaya yana dubanta kamar ita ce ta yi masa laifi. Ya ce mini, "Kawu, wannan aikin nake so, amma ba zanen kaɗai ba, so nake ya zama ni ne mai tsara fim ɗin gaba ɗaya." Ya gama jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE, mahaifinsa yana so ya tafi Suame Magazine ya koyi gyaran mota, mahaifiyarsa tana so ya shiga jami'a, abokansa kuma suna ce masa duk abin da yake nema yana YouTube kyauta. Saboda shi, da kuma irinsa da nake gani a Asawase da Sabon Zango da Nima da Mamobi, na zauna na auna hanyoyi uku da ke gaban mai wannan buri.

Kafin a yi awo, dole a san abin da ake nufa. Daraktan fim ɗin zane mai motsi, wanda yara ke kira katun, ba lallai ne ya zama wanda ya fi kowa iya zane a cikin ma'aikata ba. Aikinsa yanke hukunci ne: daga wane ɓangare za a nuna wannan mutum, daƙiƙa nawa zai yi shiru kafin ya amsa, wane launi ne zai nuna magariba ta yi, wace murya ce ta dace da tsohuwa mai sayar da koko. Shi ke duba jeren zanen labari, wanda 'yan sana'a ke kira sitoribod, shi ke haɗa shi da muryoyi a yi gwajin fim kafin a fara ainihin aiki, shi ne kuma zai ce wa mai zane ya sake abin da ya kwana biyu yana yi ba tare da ya karya masa gwiwa ba. Dalilin da ya sa hukuncinsa ke da nauyi shi ne lissafi. Talabijin a Ghana yana nuna hoto 25 a kowace daƙiƙa, saboda haka fim na minti biyar yana da hoto 7,500, kuma ko da an bar kowane zane ya tsaya a hoto biyu kamar yadda aka saba, ana maganar zane 3,750 ne. A fim ɗin mutane, darakta zai iya cewa a sake ɗauka sau goma kafin la'asar. A fim ɗin zane, kuskuren daƙiƙa goma yana iya cinye aikin mako guda.

Ma'aunan da za a yi amfani da su

Na farko shi ne kuɗi, kuma ba kuɗin rajista kaɗai ba, har da haya, abinci, kwamfuta, data da shekarun da mutum zai yi ba ya kawo komai gida. Na biyu ɗorewa: abin da ka koya zai yi maka amfani bayan shekara goma, ko kuwa zai mutu ranar da aka daina yayin manhajar da ka ƙware a kai? Na uku sauƙin shiga da sauƙin jurewa. Na huɗu haɗari, wato abin da za ka rasa idan hanyar ta ƙi. Na biyar, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne wannan tambaya: a kan wannan hanya, wa zai riƙa gyara maka kuskure, kuma sau nawa za ka kammala fim tare da wasu mutane? Mai zane yana iya girma shi kaɗai a ɗaki, amma darakta ba ya samuwa sai da jama'a, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Hanya ta farko: makaranta

A Ghana wurare biyu ne suka fi fitowa fili. Akwai NAFTI a Accra, makarantar fim da talabijin da aka kafa a 1978, wadda dokar 2020 ta haɗa da makarantar aikin jarida da ta harsuna aka samar da jami'ar UniMAC, kuma tana da sashen fim ɗin zane. Akwai kuma jami'ar KNUST a nan Kumasi, inda sashen tsara zanen sadarwa yake koyar da zane da hoto mai motsi. Digiri yana ɗaukar shekara huɗu, sannan a ƙara shekara ɗaya ta bautar ƙasa.

Ta fuskar kuɗi, wannan ce hanya mafi tsada, kuma ga ɗan Kumasi da zai tafi Accra, kuɗin makarantar ba shi ne babban nauyi ba, wurin kwana ne. Duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Accra ya san masu gida sukan nemi hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, sai fa in kana da dangi a Nima ko Madina da za su ba ka katifa a lungu, sannan ka haɗa da kuɗin motar tirotiro na kullum. Wanda ya samu KNUST yana iya kwana a gidansu, ya ci tuwon mahaifiyarsa, wannan kuwa ba ƙaramin rangwame ba ne. Akwai asusun ba ɗalibai rance na gwamnati, amma rance bashi ne, kuma ana biyansa.

Ta fuskar ɗorewa, makaranta ce ke kan gaba, domin abin da take koyarwa ba ya tsufa: ginin labari, harshen kyamara, tace hoto, sauti, tarihin fim, zanen jikin mutum. Ɗalibin fim ɗin zane da ke karatu kusa da masu koyon ɗaukar hoto da masu koyon sauti yana tsintar abubuwa a bakin ƙofar aji waɗanda ba ya samu a darasin intanet. Ga kuma takardar shaida, wadda ko da ba ta da tasiri sosai a situdiyo, tana buɗe ƙofar koyarwa, aikin gidan talabijin da neman tallafin ƙaro karatu a waje. A ma'auni na biyar ma tana da maki mai kyau, saboda ana tilasta maka ka kammala fim a kan lokaci, ka jagoranci 'yan ajinku, ka tsaya gaban malamai su yi maka tankaɗe da rairaya. Mutane da yawa fim ɗin kammala karatunsu ne abu na farko da suka taɓa bayar da umarni a kansa.

Rauninta shi ne kayan aiki a makarantun gwamnati ba su cika tafiya da zamani ba, don haka kusan kowane ɗalibi yakan ƙare da sayen tasa kwamfutar, kuma shiga na buƙatar sakamakon jarrabawa mai kyau, wanda ba kowane haziƙin mai zane ke da shi ba. Haɗarinta kuma a bayyane yake: iyali su zuba kuɗin shekara huɗu, yaro ya fito da takarda, amma in aka ce ya nuna aikin minti ɗaya sai ya fara kame-kame.

Hanya ta biyu: koyon aiki a situdiyo

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga ɗan Zango, domin haka muka san ana koyon ɗinki, kafinta da gyaran mota: ka zauna a ƙarƙashin maigida, ka fara da share shago, a hankali a miƙa maka sifana. Manyan daraktocin duniya da yawa ta nan suka bi. Hayao Miyazaki na Japan bai karanta zane a jami'a ba, siyasa da tattalin arziki ya karanta. Ya shiga kamfanin Toei a 1963 yana zanen cike gurbi, wato zanen da ake sakawa tsakanin manyan zane biyu don motsi ya yi santsi, kuma bai bayar da umarnin dogon fim nasa na farko ba sai 1979. Shekara goma sha shida ke nan. Ina so matasanmu su riƙe wannan adadi a zuciya, ba don ya tsorata su ba, sai don su san tsawon tsanin da suke shirin hawa.

A kuɗi, wannan hanya ce mafi sauƙi a kan takarda: ba ka biyan kowa, kwamfutar da manhajar na maigida ne, wani lokaci ma a ba ka na mota da na abinci. Sai dai kusan duk situdiyon da ke wannan aiki da gaske suna Accra ne, irin su AnimaxFYB, tare da kamfanonin talla da ke yi wa bankuna da kamfanonin waya aiki, don haka matsalar wurin kwana tana nan daram. Kumasi tana da masana'antar fim mai ƙarfi ta Kumawood, amma fim ɗin mutane ne, abin da za ka samu a can bai wuce tace hoto da ƙawata shi ba, ko da yake shi ma ilimi ne da darakta ke buƙata.

A nan ne mutum ke koyon abin da ba a rubuta a littafi ba: yadda ake raba aiki tsakanin mutum shida, yadda ake sa wa fayil suna don kada a ɓata, yadda ake magana da mai talla da ya canja ra'ayi ana gobe za a miƙa aiki, da yadda ake rage buri ya yi daidai da kasafi. Gyara kuwa kullum ne, wani lokaci da zafi. Ta wannan fuska babu hanyar da ta kai ta.

Amma haɗarinta ma ya fi na sauran ɓuya, kuma na gan shi da idona. Wani yaro ɗan unguwarmu ya shafe shekara biyu a wani ƙaramin kamfanin talla a Accra, inda aka gano yana da hannu wajen motsa rubutu da tambarin kaya, sai aka ɗaure shi a nan. Na ziyarce shi wata rana da dare, na tarar da shi shi kaɗai a ofis, fanka tana kaɗa masa zafi, yana juya hoton kwalbar lemo karo na ashirin saboda mai kayan ya ce ba ta sheƙi yadda yake so. A shekara biyun nan bai zana fuskar mutum ko ɗaya ba, ba a taɓa sa sunansa a aiki ba, kuma da zai tafi an hana shi kwafin abin da ya yi, aka ce mallakar kamfani ne. Ya fito da saurin hannu, amma bai matsa ko taki ɗaya zuwa ga zama darakta ba. Saboda haka duk wanda zai bi wannan hanya ya tambayi abu uku tun ranar farko, gara ma a rubuce: za a bar ni in nuna aikina ga wasu, za a sa sunana, kuma akwai ranar da za a bar ni in taɓa sitoribod? Na ƙarshen nan shi ne mabuɗi, domin daga teburin sitoribod ake hango kujerar darakta. Peter Ramsey na Amurka, wanda ya yi shekaru yana zana sitoribod a finafinan wasu kafin ya bayar da umarnin nasa a 2012 har ya kai ga samun kyautar Oscar a 2019, misali ne a kan haka.

Hanya ta uku: koyon kai

Yau wannan hanya ta buɗe fiye da kowane lokaci. Manhajar Blender kyauta ce, kuma tun fitowar sigarta ta 2.8 a 2019 ana iya yin zane na hannu da na siffa mai kauri a cikinta. Krita da OpenToonz su ma kyauta ne, saɓanin Toon Boom Harmony da Maya da ake biya da dala duk wata ko duk shekara, abin da ke ƙara nauyi duk lokacin da sidi ya faɗi. Hujja mafi ƙarfi ga masu wannan ra'ayi ita ce Gints Zilbalodis na ƙasar Latbiya, wanda ya koya wa kansa, ya yi dogon fim shi kaɗai a 2019, sannan fim ɗinsa Flow, da aka yi da Blender, ya ci Oscar a 2025. Sai dai masu kawo wannan hujja sukan manta cewa fim na biyun ba shi kaɗai ya yi ba. Da tawaga aka yi shi, da haɗin gwiwar Latbiya, Faransa da Beljiyam.

Kuɗin wannan hanya a dunƙule yake a farko: kwamfuta mai ƙarfin katin hoto, allon zane, faifan ajiya na waje, da data ta kowane wata. Wanda zai sayi kwamfutar hannu ta biyu a Adum ta Kumasi ko a Circle ta Accra ya tafi da wanda ya san kaya, ya kunna ta, ya sa ta aiki mai nauyi na rabin awa a gaban mai shago ya ji ko za ta yi zafi ta mutu. Ya kuma tanadi abin kare ta daga wasan wuta, domin wanda ya rayu a shekarun dumsor na yawan ɗauke wuta ya san baƙin cikin a ɗauke wuta ana tsakiyar fitar da hoto. Shiga ba ta da shinge ko kaɗan, ba a tambayar sakamakon jarrabawa, kuma mutum na iya haɗa ta da zaman shago ko wata sana'a.

Jurewa ce ke da wuya. A gidan haya mai ɗaki goma, inda ake aiken yaro sau biyar kafin azahar, wanda ke zaune gaban kwamfuta ana ɗaukarsa mara aikin yi ne. Ga kuma zancen da iyaye da yawa za su tayar game da hukuncin zana abu mai rai, wanda malamai suka yi bayani a kansa ta fuskoki daban-daban. Shawarata ita ce yaro ya je wurin malamin da gidansu suka amince da shi tun da wuri, ya nuna masa ainihin abin da yake yi da manufarsa, maimakon ya riƙa ɓoye-ɓoye. A ɗorewa, mai koyon kai yakan ƙware a manhaja ya bar tushe, ya san kowane maɓalli amma bai san dalilin da ya sa ake yanke hoto a nan ba a can ba. A ma'auni na biyar kuwa nan ne ya fi rauni, saboda yabon abokai a Facebook da TikTok ba gyara ba ne. Babban haɗarin shi ne shekaru su wuce yana tara gwaje-gwajen daƙiƙa biyar, yana mafarkin dogon fim a kan Bayajidda, bai taɓa kammala na minti biyu ba.

| Ma'auni | Makaranta | Situdiyo | Koyon kai |
|---|---|---|---|
| Kuɗi | Mai yawa, shekara huɗu | Kaɗan, sai haya a Accra | Kayan aiki da data |
| Ɗorewar ilimi | Mai ƙarfi | Ya danganta da aikin da aka ba ka | Mai rauni in ba a nemi tushe ba |
| Sauƙin shiga | Sai da sakamako mai kyau | Sai da aikin nunawa ko wanda ya san ka | A buɗe take |
| Babban haɗari | Takarda ba aiki | A ɗaure ka a abu ɗaya | Rashin kammalawa |
| Mai gyara maka | Malamai da 'yan aji | Maigida, kullum | Sai ka nema |

Wa ya dace da wace

Wanda sakamakonsa ya yi kyau kuma gidansu za su iya ɗaukar nauyin shekara huɗu ba tare da an cire ƙannensa daga makaranta ba, ya tafi makaranta, NAFTI idan yana da masauki a Accra kuma fim ne zalla a ransa, KNUST idan zama a Kumasi ne zai sa abin ya yiwu ko kuma yana son ya riƙe zanen talla a matsayin madogara. Sharaɗinsa shi ne kowane dogon hutu ya same shi a wani situdiyo, ko da shayi zai riƙa dafawa.

Wanda hannunsa ya riga ya faɗa, yana da aikin da zai nuna, amma gida na jiran abin da zai kawo, situdiyo ce tasa. Ya ba kansa wa'adin shekara biyu, in bai kusanci sitoribod ba ya nemi wani wuri, kuma a duk shekara ya yi ɗan gajeren fim nasa na kansa a ranakun hutu.

Wanda ba zai iya barin gari ba, ko yarinyar da iyayenta ba za su yarda ta zauna a Accra ita kaɗai ba, ko magidancin da ya riga ya kama wata sana'a, koyon kai ne ya rage masa, kuma ba abin raini ba ne. Moustapha Alassane na Nijar makanike ne kafin ya shiga fim, ya fara da wasan inuwa, daga baya ya samu jagorancin masu shirya fim Jean Rouch a Yamai da Norman McLaren a Kanada, ya fitar da Bon Voyage Sim a 1966, inda kwaɗi ke taka rawar shugabanni, ya kuma yi shekaru yana aiki daga Tawa har rasuwarsa a 2015. Abin lura a rayuwarsa shi ne ya fara da kansa amma ya nemi masu gyara masa. Mai bin wannan hanya ya haɗa mutum uku ko huɗu, mai murya, mai kiɗa, mai rubutu, su sa ranar gamawa, su tura aikin zuwa bukukuwan fim irin FESPACO na Wagadugu, inda baƙin ido za su gani.

Ɗan yayata dai sakamakonsa bai kai na shiga jami'a ba a lissafi, don haka muka shirya da mahaifinsa cewa zai sake rubuta jarrabawar, yana zuwa Suame da safe, da yamma kuma yana kan tsohuwar kwamfutar da na ba shi. Na gindaya masa sharaɗi ɗaya: kafin azumi mai zuwa ya kawo mini mai tura kayan nan na Kejetia a fim na minti ɗaya, da muryar Hausa, da sunayen aƙalla mutum uku da suka yi aikin tare da shi a ƙarshensa.